Tak Mal-sun da Takardu Arba'in da Ɗaya

Ita ce mace ta shida a ɗakin uwarta, shi ya sa ubanta ya raɗa mata Mal-sun, wato 'yar ƙarshe, don duk mai alhakin turo 'ya'ya mata gidan Tak ya ji ya dakata haka nan. Ba a dakata ba. Bayan shekara biyu aka sake haifo mace, tsohon ya rasa sunan da zai ba ta, ya ɗauki fartanyarsa ya tafi gona.

Mal-sun ta taso yarinya mai son a ce ta yi daidai. Ta yi karatun nas a birnin Andong na ƙasar Koriya, tana da shekara ashirin da shida aka turo ta Sotgol, ƙauyen da ke maƙale a tsakanin duwatsu, ta riƙe ƙaramin asibitin gwamnati mai ɗaki biyu. Ɗaya na marasa lafiya, ɗaya nata. Sau uku ana kawo mata miji. Na ƙarshen, wani malamin makaranta mai kirki, tana zuba masa shayin sha'ir ta lura da jan fuskarsa, ta ɗauko abin awon jini ta ɗaura masa a hannu, ta ce ya rage gishiri. Bai dawo ba, amma an ce ya rage.

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana zagaya kwarin a kan ɗan farin babur ɗinta. Ta san gwiwar kowa, ta san wanda ke ɓoye maganinsa a ƙarƙashin katifa ya ce ya sha. Abin alfaharinta a duniya guda ne: ba a taɓa dawo mata da rahoto daga ofishin lafiya na gunduma da jan biro a jikinsa ba. Mutanen ƙauye Likita suke ce mata, ban da mutum ɗaya.

Mutum ɗayan ita ce Yeom Ok-bun, wadda ta girme ta da shekara goma sha huɗu. Ranar da Mal-sun ta iso Sotgol da akwati ɗaya tana kuka a bayan asibiti, Ok-bun ce ta shigo ba sallama da tukunyar miyar waken soya, ta ajiye, ta ce kuka ba ya hana cin abinci, ana iya haɗawa. Tun daga nan Mal-sun ke ce mata Yaya, ita kuma tana ce mata Auta, duk da ta san akwai wata a bayanta. Tare suke yin kimchi, kabejin nan da ake tsumawa da gishiri da barkono, kowace shekara, tare suke faɗa a kan yawan barkono.

A watan bakwai na wata shekara aka yi kwana huɗu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Da hantsin rana ta biyar dutsen da ke bayan unguwar sama ya zaftaro. Gida bakwai ya binne, da mutum biyar. Mijin Ok-bun yana ciki, an same shi a bakin garken saniyarsu. Gidan nasu kuwa ko kwano ɗaya bai goce ba. Aka yi jana'iza, gwamnati ta gina katangar siminti a gindin dutsen, mutane suka koma ga barkononsu. In an tambayi kowa, lafiya lau.

Bayan shekara uku sai ga Dakta Seok daga wata jami'a a Daegu, mace mai sanyin murya da takalmin da bai san taɓo ba. Ta zo da takardar tambayoyi biyar, kowace amsarta e ko a'a. Ta yi wa Mal-sun bayani cewa a wata ƙasa aka fara yin takardar, don gano masu ciwon firgicin nan da ke bin mutum bayan ya ga tashin hankali. Yanzu an mayar da ita yaren Koriya, ana so a gwada ko za ta kamo abin da likita ke kamowa a hirar awa guda. Mal-sun ta gane nan take. Kamar sabon sikeli ne, sai an ɗora masa buhun da aka san nauyinsa kafin a yarda da shi. Duk wanda ya ce e sau uku za a kira shi asibitin birni a yi doguwar hira, in ciwon ne a fara masa magani. Cikin sauran kuma za a zaɓi kaɗan ta hanyar ƙuri'a, a duba ko takardar ta tsallake wani. Sharaɗi ɗaya Dakta Seok ta maimaita har sau biyu tana kallon idon Mal-sun: kowa ya amsa shi kaɗai, a ɗaki, ba idon kowa.

Mal-sun ta ce ba komai. Da motar ta tafi ta zauna ta ƙirga. Mutum arba'in da ɗaya ne, gidajensu a warwatse har can saman kwari, ga lokacin tsinkar barkono, ba mai zama a gida da rana. Rabinsu ba sa ganin ƙananan rubutu, wasu tsofaffin matan ma ba su taɓa shiga aji ba. Gwiwarta ta hagu ta fara ba ta labari. Ban da haka, ta ina za ta fara rufe ƙofa da dattijon da ya isa ya haife ta tana tambayarsa ko yana jin tsoro? Alhali kullum da azahar duk suna haɗuwa a zauren tsofaffi su ci abinci tare. A can take cike takardun allurar mura shekara da shekaru, ba wanda ya mutu.

Ranar Talata shugaban ƙauye ya yi shela a lasifika cewa bayan abinci kowa ya tsaya, Likita na da magana. Aka kwashe kwanuka, aka ture karta gefe, ta raba takardu da fensir. A wurin da daɓen ya fi ɗumi Baba Ma Pan-sul ke zaune, mai shekara casa'in da ɗaya, wanda a zauren nan ba a ɗaga cokali sai ya ɗaga nasa. Mal-sun ta san da haka kamar yadda ta san sunanta. Ba ta dai taɓa tunanin fensir ma cokali ne ba.

Ta karanta tambaya ta farko da ƙarfi, saboda kurame: ko cikin watan nan mutum ya yi mugun mafarkin abin da ya faru, ko abin ya riƙa faɗo masa a rai ba ya so. Kawuna arba'in suka juya wajen Baba Ma, kamar an ajiye miya ana jiransa.

Ya gyara murya. "Mafarki? Ni da na kwana cikin ramin yaƙi ina ɗan shekara sha takwas? 'Yata, rubuta mini a'a, ki danna fensirin da kyau."

Sai ƙarar fensira ta cika ɗakin. Waɗanda ba su iya rubutu ba suka ɗaga hannu, kowa na cewa shi ma a'a. Ta biyu ita ce ko mutum na kauce wa wurin da abin ya faru. Baba Ma ya ce jiya ma ya yi fitsari a jikin katangar gwamnati, aka yi dariya, aka rubuta a'a. Kafin a kai ta uku, mai tambayar ko mutum na yawan zabura, abin ya zama gasa. Wata tsohuwa ta ce tsawa ta faɗi a kusa da kunnenta tana ɓare tafarnuwa, ba ta ko yar da ƙwaya ɗaya ba. Wani ya ce mata ai ke ko gangar biki aka buga a kanki ba ji za ki yi ba.

Ok-bun na zaune kusa da ƙofa. Mal-sun ta ga fensirinta ya tsaya a kan e tun a tambayar farko, ya daɗe a nan. Ta ga matar da ke gefenta ta leƙo, ta ga fensirin ya matsa a hankali ya koma ɗaya gidan. Ta gani sarai. Ta ce a ranta za ta biya gidan Yaya da yamma su sake cikewa su biyu. Da yamma aka kawo wani da ya yanke yatsa da lauje. Washegari alluran mura suka iso.

Minti ashirin aka gama komai. Baba Ma ya tambaya ko jami'ar ta aiko da kyautar tawul, don shi bai saba amsa tambaya haka kawai ba.

Bayan sati biyu Dakta Seok ta bugo waya. Ta yi godiya, ta yaba tsabtar takardun, sannan ta ce wani abu ne ya ɗan ɗaure mata kai. A sauran garuruwan da suka gwada, ko inda ba a yi asarar rai ba, ana samun masu e. Sotgol kuwa a'a ɗari biyu da biyar, ba ko gurbi.

"Malama Tak, kowa shi kaɗai ya cike, ko?"

Mal-sun ta kalli bangon da takardun yabonta ke rataye. Saura mata shekara biyu ta ajiye aiki.

"Shi kaɗai," ta ce. "Mutanen dutse ne, Dakta. Zuciyarsu da tauri."

Ƙuri'a ta faɗa kan mutum uku, duk 'yan unguwar ƙasa, biyu ma suna kasuwar gunduma ranar da dutsen ya zo. Aka yi hira da su aka ga lafiyarsu ƙalau. Sauran aka aika wa kowa wasiƙa mai tambarin jami'a cewa gwaji bai nuna alamar ciwon firgici ba. Baba Ma ya manna tasa a bango kusa da hoton aurensa.

Ita kuwa Ok-bun, abin da ke damunta ba ɓoyayye ba ne ga mai ido. Ta daina bin hanyar bayan gida, sai ta zagaya ta gada ko da maƙwabta za ta. Babbar mota ta wuce, kwanon hannunta ya faɗi. Ta ɗaure wani ƙunshin kaya ta ajiye a bakin ƙofa, da takalmi a kai. Ran da hadari ya haɗu ba ta dafa komai. Mal-sun ta riƙa kai mata maganin ƙarin jini, tana cewa gajiya ce, Ok-bun na cewa gajiya ce, su biyun suna kallon tabarma.

Da bikin kaka ɗanta tilo, Yong-gil, ya zo daga Incheon da matarsa. An jera wa kakannin da suka rasu abinci a tebur, ana shirin rusunawa, sai ruwa ya sauko da tsakar rana. Ok-bun ta ajiye farantin da ke hannunta, ta ɗauki ƙunshinta, ta fice. Suka same ta a tsakiyar filin tsohuwar makarantar firamare, inda ba dutse a kusa, tsaye cikin ruwa ba lema. Awa biyu ta ƙi motsawa.

Washegari Yong-gil ya zo asibiti da wasiƙar jami'a a hannu. Mal-sun ce ta yi masa allurar shiga makaranta, har yanzu in ya shigo ɗakin sai ya kama damtsensa. Ya ce shi da ya ɗauka abin da ya sami babansa ne ke bin ta. In shi ne, ya ji ana magani, zai riƙa zuwa duk wata yana kai ta Daegu, ta ci gaba da zama a gidanta, don ya san ba ta son birni. Amma ga takarda ta ce ba shi ba ne. Matarsa kuma ta ce haka kakarta ta fara, gigin tsufa, daga fita cikin ruwa sai a wayi gari an bar gas a kunne.

"Inna, ke kika san ta. Ki gaya mini, wannan gwajin abin yarda ne?"

Magana ta zo wa Mal-sun har maƙogwaro. Amma in ta fito, sai ta fito da zauren tsofaffi, da wayar Dakta Seok, da shekara talatin da ɗaya.

"Takarda dai ta ce babu," ta ce, tana gyara kwalaben da ba su karkace ba.

Yong-gil ya rusuna ya yi godiya. Kafin wata ya cika ya zo da motar kaya. Ok-bun ba ta yi gardama ba, ta ce yaro ya ga takarda, ita wace ce. Ta bar wa Mal-sun babbar randar dakakken waken soyarta, ta ce ta riƙa buɗe murfin in rana ta fito, kada ta kashe mata shi da son jiki. Kafin ƙanƙara ta sauka an sayar da gidan ga wasu mutanen Seoul masu zuwa hutun ƙarshen mako, suka yi wa ƙofar shuɗin fenti.

A wannan shekarar Mal-sun ita kaɗai ta yi kimchi. Ta zuba barkono yadda take so, ba wanda ya ce ya yi yawa, ya fito ba daɗi.

A watan sha biyu ta sa rigarta ta zuwa biki, ta ɗauki kwalin busasshiyar kanya, don ba a zuwa neman gafara hannu sake, ta hau bas zuwa Daegu. A ofishin Dakta Seok ta ƙi zama. Ta faɗi komai a tsaye, har da maganar tawul. Ta shirya wa faɗa, ta ma shirya wa jan biro. Dakta Seok ta juya kofin takarda a hannunta, sannan ta ce ita ma da laifinta, ta ji a jikinta amma ta ji nauyin ƙaryata babba. Za ta cire takardun Sotgol daga lissafin binciken, aikin ba zai lalace ba, ya ɗan ja baya ne kawai.

"Da kin faɗa mini a wayar nan, da na zo da kaina a satin," ta ce, ba da zafi ba. Da ta yi zafin da ya fi sauƙi.

Dakta Seok ta ba ta sababbin takardu. Mal-sun ta bi gida gida cikin ƙanƙara, babur ya ƙi hawa, ta taka da gwiwar da ke ba ta labari. Kwana goma sha tara ta yi. Kowane gida ta sa a rufe ƙofa. Mutum goma sha ɗaya suka ce e sau uku ko fiye, ciki har da gwanar ɓare tafarnuwa. Baba Ma ya aiki surukarsa ta sayo masa abin da ba ya buƙata, ya leƙa taga, sannan ya amsa e sau huɗu. Ya ce ba yaƙin ba ne, yaƙi ya tsufa tare da shi. Ƙarar dutsen ce, kamar jirgin ƙasa ya shigo ɗaki. Da za ta fita ya riƙe mata hannun riga ya ce in wannan magana ta kai zaure, zai gaya wa gunduma ita ta jawo masa hawan jini.

Takarda arba'in ta cika. Saura ɗaya.

Gidan Yong-gil na hawa na goma sha bakwai, cikin dogayen benaye masu kama ɗaya da sai da lamba ake gane su. Da rana ta je, shi da matarsa suna wurin aiki. Ok-bun ta buɗe ƙofa sanye da wata rigar ulu mai ruwan hoda da ba ita ta zaɓa ba. Ta rame, amma bakin na nan.

"Auta. Kin tsufa. Wa ya mutu?"

Mal-sun ta ce ba kowa. Ok-bun ta kawo lemo ta ɓare, ta ba da labarin cewa an kai ta gwajin gigin tsufa, likita ya sa ta ƙirga daga ɗari zuwa baya, ta ƙirga har ta gyara masa inda ya yi kuskure. An ce ƙwaƙwalwarta lafiya lau. To amma gida ya riga ya tafi. Nan kuwa in an yi ruwa ba a jin sa a rufi, sai dai a gan shi a gilashi, sai ta sauka ta matakala, hawa goma sha bakwai, ta tsaya a wurin ajiye motoci. Mai gadi ya saba, har kujera yake fito mata da ita.

Mal-sun ta fito da takardar ta shimfiɗa a tebur. Ta faɗi abin da ta yi, da abin da ta ce wa Dakta, da abin da ta ce wa Yong-gil. Ok-bun ta ci gaba da cire zaren jikin lemon ɗaya bayan ɗaya.

"Karanto," ta ce.

Mafarki, e. Kauce wa wurin, e. Zabura, e. Jin kamar an raba mutum da jama'a, ko yana cikinsu, ta ɗan yi tunani ta ce e, amma kada a rubuta cewa laifin surukarta ne, yarinyar na ƙoƙari. Ta biyar ita ce ko mutum na ɗora wa kansa laifin abin da ya faru.

Ok-bun ta ajiye lemon. Ta ce ran da dutsen ya zo ita da mijinta sun riga sun fito, suna kan hanya, sun kusa gada. Ita ce ta tuna saniya na ɗaure. Shi ya ce a bar ta. Ita ta ce wane irin namiji ne zai bar dabba a ɗaure, in ba zai je ba ita za ta. Ya ce to, ya miƙa mata lemarsa, ya koma.

"Shekara uku da rabi ban gaya wa kowa ba. Yong-gil ma ya ɗauka taurin kan ubansa ne." Ta kalli Mal-sun. "Da a kicin ɗina kika tambaye ni, Auta, ke da ni, da na faɗa miki tun ranar zauren nan. Na yi ta jiran ki da yamma. Har shinkafa na ƙara."

Ok-bun ta tura wa Mal-sun rabin lemon ta ce ta ci, ta sa e, kuma ta daina wannan fuskar, ba ta yi mata kyau tun tana yarinya.

Mal-sun ta sa e na biyar. Ta ce Dakta Seok ta san wata likita a nan Incheon, za a kira cikin sati, magani na yi, Baba Ma ma ya fara zuwa, yana cewa wai ciwon baya yake kaiwa. Ok-bun ta yi dariya har ta share ido. Ta tambaya in ta warke za ta iya komawa Sotgol. Mal-sun ta ce za ta warke. Ok-bun ta gyaɗa kai, ba ta sake tambaya ba.

Saura layin sama, na suna da adireshi. Mal-sun ta rubuta sunan, ta ɗaga kai za ta tambayi lambar benen.

"Sa Sotgol," in ji Ok-bun. "Unguwar sama, gida na uku daga gada. Da mutanen can aka yi gwajin, a cikinsu za a ƙirga ni."

Mal-sun ta san in ta sa haka wasiƙar likita gidan mai shuɗiyar ƙofa za ta, inda ba kowa sai ranar Asabar. Ta rubuta Sotgol da manyan baƙaƙe yadda Yaya za ta gani ba tabarau. Da Ok-bun ta tashi kai ɓawon lemo kicin, ta ƙara adireshin Incheon a ƙasa, da ƙananan rubutu.